Salansar mota: awon bututu da zaɓen mai walda

Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa daga ƙauyukan Urafane zuwa Tasawa ya san ƙarar nan. Tun motar tana bayan tudun rairayi kunne ke riga ido ganinta. Idan ta iso ka leƙa ƙarƙashinta, sai ka tarar da bututun hayaƙi yana lilo, an ɗaure shi da waya, wani wurin an naɗe shi da gwangwanin tumatir da aka fasa. A ɗora buhunan gero da wake, a ɗaure awaki a sama, mata masu goyo su zauna can baya. Kafin a kai tasha rabin fasinja na dafe da kai. Wani ya ce rana ce, wani ya ce yunwa, wani ya ce gargadar hanya. Sau da yawa laifin na bututun nan ne.

A Amurka da Japan da Dubai akwai masu sana'ar da ba su da aiki sai ƙera salansa ta musamman. Mutum ya kai motarsa, a auna, a lanƙwasa masa bututu daidai da injinsa, don ado ko don tsere. Mu a nan kusan kowace salansa ta musamman ce, amma larura ce ta sa. Motocinmu sun tsufa, ta kamfani sabuwa fil ba ta samuwa a Tasawa ko Mayahi, sai dai a aika Maradi ko Damagaram, ko a gangara har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a nemo ta hannu. Mafi yawan direbobi wurin mai walda suke zuwa ya haɗa musu da abin da ke ƙasa. Tambayar da ke gaban ɗan tsere a Dubai ita ce ke gaban mai Hilux a Urafane: wa zai yi aikin, kuma bututu mai wane faɗi za a sa?

Kada a yi mamakin yawan aikin salansa a garejinmu. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Motar da ta yi shekara goma sha biyar tana taka titin da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, tsatsa ta riga ta cinye mata ciki tun kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome. Ta iso nan kuma ta haɗu da burji mai gargada da ramuka da lodin da ya wuce ƙima.

Aikin da salansa ke yi

Abin da muke kira salansa a dunƙule abubuwa ne da yawa a jere. Akwai manifol, ƙarfen da ke manne da inji yana tattara hayaƙin kowace silinda. Akwai bututun gaba. A motocin fetur na zamani akwai wata 'yar tukunya mai tace guba, wadda zan dawo kanta. Sai bututun tsakiya, sai babbar tukunya mai kashe ƙara, sai wutsiya. A cikin babbar tukunyar akwai ɗakuna da bututai masu huji-huji. Hayaƙi na shiga yana kewaye-kewaye, ƙarar tana karo da kanta har ta mutu.

Kashe ƙara shi ne aikin da kowa ya sani, amma ba shi ne babba ba. Babban aikin shi ne ɗauke hayaƙi daga gaban mota a kai shi can baya, a zubar da shi inda ba zai shiga hancin mutane ba. A cikin hayaƙin inji, musamman na fetur, akwai iskar da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji na wasu abubuwa ne da ke tafe tare da ita. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200, ta hana jini kai iska ga ƙwaƙwalwa. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barci. Direba da ke gyangyaɗi a kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram da tsakar rana, bayan ya yi barcinsa da dare, ya kamata ya sa a duba masa ƙarƙashin mota. Jariri da mai ciki da tsoho su take fara kayarwa. Ita ce kuma iskar da ke kashe iyali gaba ɗaya idan aka kwana da janareto a cikin ɗaki ko a bakin taga.

Shi ya sa nake jin zafi idan na ga an yanke wutsiyar salansa an bar ta tana huci a tsakiyar ƙarƙashin mota, wai don bututu bai kai ba. Mota idan tana tafiya, iskar da ke bayanta juyawa take tana komowa. Hiace mai lalatacciyar robar ƙofar baya tana zuƙo hayaƙinta da kanta. A-kori-kura da aka rufa wa tamfol haka. Waɗanda ke zaune can ƙarshe, wurin da aka fi tura mata da yara, su ke shaƙa. Wutsiya dole ta fito har gefen jikin mota ko bayanta, ta kuma ɗan sunkuya ƙasa.

Batun awo

Nan ne gardama take. A kowane gareji za ka samu mai cewa a faɗaɗa bututu inji ya sha iska. Za ka samu kuma mai cewa a'a, inji na son a ɗan toshe shi, in ba haka ba ƙarfinsa ya zube. Kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya ya saki sauran.

Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo. Dunƙule-dunƙule yake fita: silinda ta buɗe bawul, ta tofar da nata, ta rufe, ta gaba ta karɓa. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 2,000 a minti yana tofar da dunƙule 4,000 a wannan mintin. Kowane dunƙule idan ya ruga cikin bututu da gudu yana barin wani gurbi mai zuƙa a bayansa, gurbin nan kuma shi ke janyo na biye da shi, ya taimaka wa silinda ta wofintar da cikinta sarai don sabuwar iska ta samu wuri. Toshewa ba ta da wani amfani ga inji. Abin da yake so shi ne hayaƙi ya yi gudu, ya kuma samu hanya.

Masu lambu sun san wannan a tiyon ban-ruwa. Tiyo ya cika ƙanƙanta, injin ruwa na wahala ruwa kaɗan ke fita. Ya cika faɗi, ruwan na tafiya a sanyaye. Haka bututun salansa yake. Idan ya yi wa inji kaɗan, fistin na ɓata ƙarfi wajen tura hayaƙi, zafi na taruwa, mota na shan mai tana nishi a hawan tudu. Idan ya yi masa yawa, hayaƙi na bazuwa, ya huce, ya rage gudu, zuƙar nan ta raunana. Abin da aka fi samu a nan shi ne ba a ƙaru da komai ba sai ƙara, wani lokaci ma jan motar a ƙaramin gudu ya ragu. Mu kuwa ƙaramin gudu shi ne rayuwarmu. Motar da ke ratsa rairayin arewacin Tasawa ko kwarin Gulbin Kaba da lodi a giya ta biyu, ja take bukata tun daga ƙasa. Ɗan tsere da injinsa ke kururuwa a juyi 7,000 lissafinsa daban.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙari kaɗan a faɗi ƙari ne mai yawa a hanya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Bututun da aka saba gani su ne inci ɗaya da rabi (milimita 38), inci ɗaya da kwata uku (45), inci 2 (51), inci 2 da kwata (57), inci 2 da rabi (63) da inci 3 (76). Daga inci 2 zuwa 2 da rabi ido na ganin kamar ba a yi komai ba, alhali ramin ya ƙaru da fiye da rabi. Daga inci 2 zuwa 3 kuwa ya ninka biyu har da ɗori. Mai walda da ya ce maka "rabin inci ne kawai, maigida" bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka girman canjin ba.

Masu gyaran injin tsere suna da wani ƙiyasi da ya yaɗu a tsakaninsu, na yawan ƙarfin dokin da bututu guda zai ɗauka ba tare da ya shaƙe inji ba. Milimita 38 na ɗaukar kusan doki 80. Milimita 45 kusan 110. Milimita 51 kusan 145. Milimita 57 kusan 185. Milimita 63 kusan 230. Milimita 76 ya haura 330. Ƙiyasi ne, ba doka ba, kuma lanƙwasa da tukunya suna rage shi. Amma a ɗora shi a kan motocin da ke tashoshinmu a gani. Starlet ta tasi mai inji lita 1.3 ƙarfinta doki saba'in da 'yan kai ne. Fijo 504, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, mai inji lita 2 ba ta cika doki ɗari ba. Injunan gazuwal na tsoffin Hilux da Hiace, irin su 2L da 3L da 5L, duk ƙasa da ɗari suke. Shi kansa 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, wajen doki 130 yake bayarwa. Injin gazuwal na zuƙar iska da yawa fiye da na fetur mai ƙarfi daidai da shi, saboda haka ana ɗan sakar masa bututu. Duk da haka babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar inci 3. Ƙaramar mota milimita 38 zuwa 45 ta ishe ta, Hilux da Hiace marasa turbo 51 zuwa 57, Land Cruiser ba sai ta wuce 63 ba.

Inji mai turbo, irin 2KD na Hilux ɗin da suka biyo baya, shi ne aka ɗan keɓe. Turbo da hayaƙi yake juyawa, yana kuma son bayansa a buɗe, saboda haka ƙarin mataki ɗaya a bututun da ke bayansa ba ya cutarwa, yakan ma rage zafi. Mataki ɗaya na ce.

Shawarata a taƙaice ita ce a koma kan awon kamfani. Injiniyoyin da suka ƙera injin sun gwada shi a kan na'ura kafin su tsayar da faɗin bututunsa. Matuƙar ba a canja inji ba, awon da ya zo da motar shi ne daidai. Matsalar ita ce motar da ta ratsa hannu biyar, salansar da ke jikinta ba lalle ta asali ba ce. A nan sai a duba bakin manifol, ko guntun bututun gaba da ke ɗaure da shi, don shi ne ba a cika canjawa ba. Idan kuma an sauya inji, kamar yadda ake yawan cire na fetur a dasa na gazuwal, to a bi awon sabon injin, a manta da na gangar jiki.

Auna bututu ba ya bukatar kayan aiki. A samu zare, a zagaya bututun da shi sau ɗaya, a ɗora a kan rula, a raba da 3.14. Zare mai tsawon milimita 140 na nufin bututu 45. Mai 160 na nufin 51. Mai 180 na nufin 57. Mai 200 na nufin 63. Wannan awon waje ne, kuma da shi ake sayar da bututun salansa. Bututun ruwa lissafin sunansa daban ne, shi ya sa inci 2 na mai sayar da kayan famfo ba ya zama daidai da inci 2 na salansa.

Tun da na ambaci bututun ruwa, bari in tsaya a kansa, don na ga ana amfani da shi da yawa saboda araha. Nauyinsa ya fi ƙarfin maratayan salansa, ya kuma fi ƙarfin kusoshin manifol. A kan gargada nauyin nan ke jijjiga har ya tsage manifol, wanda kuɗinsa ya ninka na bututu. Sannan farin da ke jikinsa tutiya ce. Idan wutar walda ta taɓa ta tana tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i, kuma yaran gareji ne ke shaƙarsa. Bututun salansa na gaskiya kaurin bangonsa milimita ɗaya da 'yan kai ne zuwa ɗaya da rabi. Akwai baƙin ƙarfe zalla, akwai wanda aka shafa wa alminiyon, akwai inoks da ba ya tsatsa. A ƙasa mai bushewa irin tamu wanda aka shafa wa alminiyon ya wadatar, kuma bututun da aka ciro daga wata motar, in bai ruɓe ba, ya fi sabon bututun ruwa nesa ba kusa ba. Wanda aka ce masa inoks ne ya biya kuɗin inoks, ya kara maganaɗisu: mai daraja, wanda ake kira 304, da ƙyar yake kamawa. Akwai dai wani inoks mai lamba 409 da kamfanonin mota ke amfani da shi, shi yana kama maganaɗisu kuma ba jabu ba ne.

Yadda ake gane mai aikin kirki

Ba allon bakin gareji ake dubawa ba. A je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanya irin taka, waɗanda aikin ya yi wata shida ko shekara a motarsu, a kuma leƙa ƙarƙashin motar da ido. Walda ranar da aka yi ta duk kyau gare ta.

Alamar farko tana bayyana kafin a kunna wuta. Mai aikin kirki zai sa a tayar da inji, ya saurara, ya bi bututun daga gaba zuwa baya yana neman baƙin toka a gaɓoɓi, don inda hayaƙi ke tsiyaya nan toka ke taruwa. Zai tambayi wane inji ne, wace hanya motar ke bi, wane kaya take ɗauka. Zai auna. Wanda ya ɗauko bututun da ya fi kusa da hannunsa ya fara yanka, ka ce masa, "Malam, dakata mu auna tukuna." In ya ji haushi, ka ɗauki motarka.

Sai lanƙwasa. Manyan masu wannan sana'a a waje suna da na'ura mai cusa wani ƙarfe a cikin bututu yayin da take tanƙwara shi, don kada ramin ya matse. Samun irinta a karkara da wuya. Abin da ke akwai hanya uku ne. Wani ya danne bututu da ƙarfi har gwiwar ta lotse, ramin inci 2 ya koma kamar inci ɗaya da rabi, duk awon da aka yi ya tashi a banza. Wani ya yanka ya haɗa gwiwa mai kusurwa kamar ta bututun famfo, hayaƙi ya zo da gudu ya yi karo da bango. Na uku ya cika bututun da busasshen rairayi, ya toshe bakin, ya gasa wurin ya tanƙwara a hankali, ko ya yanko gwiwoyi masu kyau daga tsohuwar salansa ya jona. Na ukun nan shi ake nema. Rairayin dole ya bushe ƙayau, don mai laima idan ya ji wuta a cikin rufaffen bututu tururinsa na iya fashewa. Bututu mai milimita 51 da gwiwoyi masu santsi ya fi mai 63 da aka lotsa.

Ita kanta waldar, ta gas ta fi dacewa da bututu marar kauri. Ta lantarki mai sanda tana huda shi idan hannu bai ƙware ba, sai a bi ana cike huji da tulin ƙarfe, wani yana zubowa ciki ya tsaya a hanyar hayaƙi. Idan da lantarki za a yi, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake aiki. Motocin da ke da kwamfuta an sha ƙona musu ita ta wannan hanya. A lura kuma da tankin mai da tiyonsa. Mai walda da ke aiki dab da tankin fetur ba tare da ya kare shi da faranti ba, babu bokitin ruwa ko na rairayi a kusa, ransa da naka yake wasa da su.

Abin da ya fi kashe salansa a hanyoyinmu shi ne yadda aka rataye ta. Inji a kan roba yake zaune, yana motsi. Salansa ma dole ta yi motsi tare da shi, shi ya sa kamfani ke rataye ta da roba. Sau da yawa idan robar ta tsinke sai a ce bari a yi maganin abin gaba ɗaya, a manne bututun da shasi da walda. Daga ranar nan duk jijjigar hanya da ta inji a wuyan bututu take sauka, kuma ba a daɗewa yake tsagewa kusa da manifol, wato daidai ƙarƙashin ƙafar direba. In ba a samu robar asali ba, yankin tsohuwar taya mai zare a ciki yana aiki. Motocin da injinsu ke kwance a gicciye, irin Starlet da Corolla, suna da wata gaɓa mai lanƙwasuwa a bututun gaba, wani lokaci saƙaƙƙen ƙarfe, wani lokaci kusoshi masu sifirin. Kada a yarda a maye gurbinta da sandararren bututu. Kada kuma a yarda a haɗe salansa tun daga inji har wutsiya da walda babu inda ake kwancewa. Ranar da za a sauke giyabos sai an yanka ta. A bar mahaɗa mai noti da gasket aƙalla a gaba da tsakiya.

A duba tsayi daga ƙasa. Hanyar rairayi tana da doro a tsakiya inda tayu ba sa takawa, kuma duk abin da ya fi aksul sauka shi doron zai fara duka. A auna tazarar bututu da aksul ɗin baya da tunanin motar tana ɗauke da buhu ashirin, ba yadda take tsaye wayam a gareji ba. A nisanta shi da tiyon birki da wayoyi da tayar safiya da faɗin yatsu biyu ko uku aƙalla.

Tukunyar da ake kira Indomie

A garejin Kano da Katsina ana kiran tukunyar tace guba Indomie, saboda abin da ke cikinta ya yi kama da curin taliyar nan: farar ƙasa ce gasasshiya mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke juya kabon monoksayid da ɗanyen mai zuwa iska mai sauƙin illa. Wani injiniya ɗan Faransa mai suna Eugène Houdry ne ya fara ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Ta zama ruwan dare a motocin Amurka daga 1975, a Turai kuma daga farkon shekarun 1990. Fetur mai dalma yana kashe ta, amma an daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta rufe babinsa a duniya a 2021.

Saboda tsadar ƙarafan nan akwai masu sayen ta, shi ya sa za ka ji an ce maka, "Maigida, ita ke shaƙe maka mota, bari mu fasa." Wani lokaci gaskiya ne. Inji mai shan baƙin mai ko mai fulogi matacce yana narkar da ita ta toshe, mota ta kasa hawa tudu, ta riƙa mutuwa idan an taka. Amma lafiyayya ba ta rage ƙarfin da direba zai ji. Hukumar binciken sufuri ta Holan ta gano a 2020 cewa wasu motocin da ake lodawa zuwa Afirka an riga an yanke musu ita tun a can. Wanda motarsa ta iso da ita ya riƙe ta. Idan za a yi aikin salansa ya tsaya a wurin, in kuma dole a cire, a miƙa masa abinsa a hannu, don kuɗi ce.

Kusa da ita akwai sansa mai waya da ke sunsunar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta saki. Huji ko tsaga a gaban sansar nan na shigo da iskar waje, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara. Mai mota ya yi ta canja fulogi da nozul yana kukan shan mai, alhali gasket ɗin manifol ne ya ƙone. Tukunyar kuma tana zafi ƙwarai, tana haura digiri 400 a cikin aiki. Bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe kuma kara da harawa ke jibge a gonaki, kada a tsayar da mota a kansu. Gobarar daji na iya tashi daga nan, kuma makiyayan arewacin Mayahi da Tasawa sun san abin da asarar ciyawar shekara ke nufi.

Akwai abin da sabuwar salansa ba ta gyarawa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi ƙirin mai ne ya yi yawa ko matatar iska ta cika da ƙura, abin da ba ya wuya a lokacin hunturu. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, a motar fetur, yawanci ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Duk waɗannan na bakanike ne. 'Yan ɗigon ruwa da safe kuwa ba komai ba ne: lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Motar da ba ta tafiya mai nisa ruwan nan na kwanciya a tukunya ya cinye ta daga ciki, shi ya sa wasu tukwanen ke zuwa da ɗan huji a ƙasansu.

Matasanmu masu babur da 'yan kabu-kabu da ke zare cikin salansa don ta yi kuka, da masu injin niƙa da ke wuni a ɗaki da guntun bututu, maganar ta shafe su. Ƙarar da ta kai desibel 85, idan ana wuni a cikinta kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Bututun injin niƙa a huda bango a fitar da shi waje, sama da kan mutane.

Idan an gama aiki kada a biya sai an gwada. A fito da motar fili, a tayar da ita tun bututu bai yi zafi ba, wani ya danna tsumma a bakin wutsiya na daƙiƙa biyu ko uku. In babu huji za a ji tsumman na turowa da ƙarfi, injin ya nemi mutuwa. In akwai, za a ji shi yana huci a inda yake. A kama wutsiyar a girgiza: ta yi lilo kaɗan a kan robarta, kada ta bugi komai. A ɗan zagaya da motar tagogi a rufe, a saurari ko akwai gunji mai cika kai a wani gudu, a kuma sunsuna. A yi magana da mai aikin tun a lokacin cewa za a dawo bayan tafiya ɗaya ko biyu ya sake ɗaure notocin, don zafi da sanyi na sassauta su. Ranar da aka dawo a shiga ƙarƙashi tare da shi, a bi kowace gaɓa da yatsa bayan ta huce, a ga ko yatsan zai fito da baƙin toka.